Firam ɗin hoto na dijital: Na'urar da ke dawo da hotunan iyali falo, da abin da ya kamata a sani kafin a jona ta

Shekara 20 zuwa 30 da suka wuce, idan baƙo ya shiga gida aka kawo masa ruwa, abu na gaba da akan miƙa masa shi ne albam. Yana buɗe shafi ana yi masa bayani: wannan ranar kamu ce, wannan ranar sunan ɗan fari, wannan kuma ranar da Alhaji ya sauka daga Makka.

A yau hotunan da dangi ke ɗauka a biki guda za su iya cika albam da yawa, amma da wuya a sake waiwayarsu bayan mako ɗaya. Suna can cikin waya, sun cakuɗe da hoton shaidar tura kuɗi da katin gayyata da gaisuwar Juma'a da aka turo a zaurukan WhatsApp. Ranar da wayar ta lalace, ko ta faɗa ruwa, ko aka ƙwace ta a hanya, tarihin shekaru kan tafi tare da ita.

Wannan giɓin ne firam ɗin hoto na dijital ke ƙoƙarin cikewa. Allo ne mai kama da firam ɗin da aka saba ratayewa a bango, sai dai maimakon hoto ɗaya, yakan nuna ɗaruruwa ko dubbai, ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai na'urar na zuwa da tambayoyin da tsohon firam na katako da gilashi bai taɓa tayarwa ba. Wa ke da ikon saka hoto a ciki? A ina hotunan suke ajiye? Me zai faru idan kamfanin da ya ƙera ta ya sauya sharuɗɗansa? Kuma wane ne zai ga abin da take nunawa?

Yadda take aiki

A zahiri ƙaramar kwamfuta ce mai aiki ɗaya tak. Tana da allo irin na waya, da ma'ajiya, da manhajar da ke sauya hoto bayan lokacin da mai ita ya zaɓa, daga 'yan daƙiƙoƙi zuwa awa guda ko ma yini. Yawancin waɗanda ke kasuwa girmansu daga inci 7 ne zuwa 15, kuma mai inci 10 ya fi yawa.

Iri biyu ne. Na farko ba ya buƙatar intanet: a zuba hotuna a katin memori ko filashi, a soka a bayansa, ya fara nunawa. Na biyu yana haɗuwa da waifai, kuma ana tura masa hoto daga nesa ta manhajar waya ko ta imel. Ɗan da ke karatu a Alƙahira ko 'yar da ke aure a Legas za su iya ɗaukar hoto yanzu, bayan ɗan lokaci ya bayyana a falon iyayensu a Katsina ko Maraɗi.

Kamfanoni sun bambanta wajen tsarin. Na Skylight yana ba kowane firam adireshin imel nasa. Na Aura yana ajiye hotuna a rumbun kamfanin da ke intanet, kuma ya dogara da waifai. Frameo kuwa kamfanin manhaja ne na ƙasar Denmak, wanda masu ƙera na'urori da dama ke saka manhajarsa a kayansu. A tsarinsa hotunan kan zauna a cikin na'urar, kuma sai mai firam ya ba mutum wata lamba kafin ya iya turo hoto.

Akwai kuma na'urorin da ba don wannan aka yi su ba amma suna yin aikin, kamar Echo Show na Amazon da Nest Hub na Google, da talabijin ɗin The Frame da Samsung ya fitar a 2017, wanda ke nuna hoto ko zane a lokacin da ba a kallon komai.

Daga ina ta samo asali?

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko da ake iya ɗauka a hannu. Nauyinta ya kai kusan kilo 3.6, hotonta fari da baƙi ne, kuma tana ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kaset. Ba a wanke hoton a takarda, sai dai a jona wata na'ura da talabijin a kalla. Tun daga ranar farko ke nan, hoton dijital ba shi da wurin zama sai an samar masa allo.

Da kyamarorin dijital suka fara shiga gidaje a ƙarshen shekarun 1990, kamfanoni suka fara neman yadda za a riƙa ganin hotunan ba tare da kunna kwamfuta ba. A 1999 Sony ya fitar da CyberFrame, mai ƙaramin allo na inci 5.5, a kan kusan dala 900. A shekarar 2000 kamfanin Ceiva na Amurka ya zo da wanda ake jonawa da layin wayar tarho ta gida. Cikin dare na'urar kan kira kwamfutar kamfanin da kanta ta sauke sababbin hotunan da dangi suka tura, mai gida kuma yana biyan kuɗin rajista. Tsarin da ake gani a yau na tura wa kaka hoton jika daga nesa, daga nan ya faro.

Wajen 2007 da 2008 farashi ya sauko, na'urar ta zama ɗaya daga cikin kyaututtukan da ake yayi a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara a Amurka da Turai. Ba a jima ba wayoyin zamani da kwamfutar hannu suka karɓe kasuwa. A watan Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda bashi, a watan Fabrairu kuma ya sanar da daina ƙera kyamarori da firam ɗin dijital. Waɗanda ake gani a kasuwa yanzu da sunan Kodak, wasu kamfanoni ne ke ƙera su da izinin amfani da sunan.

Na'urar ta sake farfaɗowa ne bayan da aka haɗa ta da manhajar waya, ta yadda tura hoto ya zama daidai da aika saƙo.

Hoton da ba a kallo

Dalilin da ya sa wasu ke ganin amfaninta bai tsaya ga ado ba. A wani bincike da aka wallafa a 2014 a mujallar Psychological Science, Linda Henkel ta Jami'ar Fairfield da ke Amurka ta zagaya da ɗalibai wani gidan adana kayan fasaha. Ta sa su ɗauki hoton wasu kayayyaki, wasu kuma su tsaya su kalla kawai. Washegari da aka gwada su, sun fi tuna abubuwan da suka kalla da ido fiye da waɗanda suka ɗauka a hoto.

Abin da binciken ya nuna shi ne, mutum kan sakar wa kyamara aikin tunawa. Idan kuwa ba a koma an kalli hoton ba, an yi biyu babu: ba a riƙe abin a zuciya ba, hoton kuma ya nutse cikin dubbai.

Albam na da yana tilasta wa mutane abubuwa biyu da waya ta ɗauke. Na farko zaɓe, domin fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma wankin kowane ɗaya kuɗi ne. Na biyu kallo tare, inda yaro ke tambaya babba na ba da amsa. Ta haka yara ke sanin fuskar kakan da ba su riska ba, da sunan gwaggon da ke aure a wani gari.

Firam ɗin dijital na iya dawo da na biyun. Hoto ya bayyana ana cikin cin abinci, wani ya tambaya, hira ta ɓalle. Ga tsofaffin da ba su iya latsa waya ba, ko idonsu ba ya ganin ƙaramin allo, wannan hanya ce da ba ta buƙatar su taɓa komai. Masu kula da tsofaffin da ke fama da cutar mantuwa a ƙasashe da dama sun daɗe suna amfani da tsofaffin hotuna wajen janyo su hira. Ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin ziyara, domin har gobe zumunci a ƙafa yake. Amma ga dangin da neman ilimi ko abinci ya warwatsa, yana rage nisa.

Na farkon kuwa, wato zaɓe, na'ura ba ta yi wa kowa. Firam mai ma'ajiyar gigabait 16 zai iya ɗaukar hoto kusan 5,000 idan kowane ɗaya megabait 3 ne. Idan aka zuba hoto 1,000 kuma kowane yana tsayawa daƙiƙa 30, sai an yi awa 8 da minti 20 kafin a zagayo na farko. Wanda ya juye duk abin da ke wayarsa cikin firam, ya kwaso matsalar ne kawai daga aljihu ya ɗora a kan tebur. Hoto 100 ko 200 da aka zaɓa da natsuwa, ana sauya su lokaci zuwa lokaci, sun fi dubun da babu wanda ya tantance.

Wuta da zafi da data

Yawancin waɗannan na'urori an ƙera su ne domin gidajen da wuta ba ta ɗaukewa. Mafi yawansu ba su da batir, da zarar an ɗauke wuta allon ya yi baƙi.

A Najeriya an raba masu amfani da lantarki rukuni biyar. An tsara rukunin A zai samu aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Gidan da ke rukunin ƙarshe, idan babu sola ko inbata, firam ɗinsa zai fi daɗewa a kashe fiye da a kunne.

Ta fuskar cin wuta kuwa ba shi da nauyi. Idan aka ɗauka na'urar na jan wat 10 kuma tana kunne dare da rana, a wata guda za ta ci yunit 7.2. A farashin naira 225 kan kowane yunit da hukumar kula da lantarki ta NERC ta sanar wa rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya kama naira 1,620. Wasu na'urorin suna da agogon da ke kashe su da dare, wasu kuma suna mutuwa da kansu idan ɗaki ya yi duhu ko babu motsin mutum, wanda ke rage lissafin sosai. Ƙaramar sola ta gida na iya riƙe ta. Wadda ke amfani da wuta mai ƙarfin bolt 5 ta igiyar caji irin ta waya, fawa bank ma na iya ɗaukarta na 'yan awanni. Ana ganin wannan bayani a rubuce a jikin kan cajar.

Abin da ya fi yi wa irin waɗannan na'urori illa shi ne wutar da ke dawowa da ƙarfi, don haka jona su ta na'urar daidaita wuta ya fi a soka su kai tsaye a bango. Yana da kyau kuma mai saye ya gwada ko firam ɗin na ci gaba da nuna hotuna da kansa idan wuta ta dawo, ko sai an sake latsa shi. Ga tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, wannan shi ne bambanci tsakanin na'urar da ke aiki da wadda ta zama kayan ado.

Sai zafi. Kamfanin Apple, alal misali, ya ce an tsara wayoyinsa da kwamfutocinsa na hannu su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu. Ajiye allo a bakin taga inda rana ke dukansa na rage masa kwana, haka ma ƙurar hunturu da ke shiga ramukan kati da filashi.

Akwai sabon nau'i mai allo irin na na'urar karanta littafi ta Kindle, amma mai launi. Ba ya cin wuta sai lokacin sauya hoto, hoton kuma na nan ko da batir ya ƙare. Ya dace da inda wuta ke wahala, sai dai ya fi tsada, launinsa bai kai na allon waya haske ba, kuma ba ya nuna bidiyo.

Game da data, gidaje da yawa ba su da waifai na dindindin, wayar mai gida ce ke raba intanet. Hoto 100 masu nauyin megabait 3 sun kai megabait 300. Firam ɗin da ke sauke hoto sau ɗaya ya ajiye a cikinsa ya fi dacewa da irin wannan gida fiye da wanda ba ya aiki sai da intanet.

Wanda ba shi da halin saye ma yana da mafita. Yawancin talabijin na bango suna da ramin filashi kuma suna iya jero hotuna. Tsohuwar kwamfutar hannu da aka daina amfani da ita ma za ta yi, amma barinta a caji dare da rana cikin zafi na iya kumbura batirinta.

Kayan aro

Babbar tambayar da ba a cika yi ba a shago ita ce inda hotunan ke zaune. Idan a rumbun kamfani suke, mai firam na zaune ne a gidan haya, kuma mai gida na iya sauya sharaɗi.

An sha ganin haka. A 2012 an rufe shafin ajiyar hotuna na Kodak Gallery bayan an sayar da shi ga kamfanin Shutterfly. A 2019 shafin Flickr ya taƙaita masu asusun kyauta ga hoto 1,000. Daga 1 ga Yunin 2021 Google Photos ya daina bayar da ajiya kyauta marar iyaka, inda sababbin hotuna suka koma cin gigabait 15 da kowane asusu ke da shi.

Masu firam ma abin ya shafe su kai tsaye. A watan Maris na 2025 Google ya sauya ƙa'idar yadda manhajojin wasu kamfanoni ke shiga hotunan mutane, lamarin da ya katse tsarin da wasu firam ke bi wajen ɗauko sababbin hotuna da kansu daga Google Photos. A shekarar ce kuma kamfanin Nixplay ya rage ma'ajiyar da yake bai wa masu asusun kyauta zuwa megabait 500. Wanda ya sayi na'urar da kuɗinsa ya wayi gari ana neman ya riƙa biyan kuɗin rajista kafin ya ci gaba da morar abin da ya saba samu. Ga mai biya da naira ko sefa, rajistar da ake lissafawa da dala ba ƙaramin nauyi ba ne.

Don haka kafin a biya kuɗi akwai abubuwan da suka cancanci tambaya: ko na'urar na aiki babu intanet, ko tana da ramin kati ko filashi, ko ana iya kwafo hotuna daga cikinta, da kuma abin da ake samu kyauta da wanda sai an biya.

Tsaro

Duk abin da ke haɗuwa da kwamfuta ko intanet ƙofa ce. A watan Janairun 2008 kantin Best Buy na Amurka ya tabbatar da cewa wasu firam masu inci 10.4 na tambarinsa na Insignia, waɗanda aka sayar a lokacin bukukuwan ƙarshen 2007, sun fito daga masana'anta ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. Wanda ya jona firam ɗin da kwamfutarsa domin zuba hotuna na iya kwasar cutar.

Na yanzu sun fi na wancan lokaci ƙarfi, domin da yawa daga cikin masu araha suna amfani ne da tsofaffin nau'o'in Android da aka daina yi wa gyaran tsaro. Na'ura ce da ke kan waifai ɗaya da wayar da ake shiga asusun banki da ita. Masana tsaron intanet kan ba da shawarar a guji wadda ba a san sunan maƙerinta ba, a riƙa sabunta manhajarta, a kuma sa ta a layin baƙi na waifai idan na'urar raba intanet ta gidan na da shi.

Hoton da kansa ma na ɗauke da bayanai. Idan an kunna wa kyamarar waya damar sanin wuri, hoton kan adana inda aka ɗauke shi da rana da lokaci. Wannan bayani na bin hoton idan aka tura shi ta imel.

Falo daban, uwar ɗaka daban

A gidan Bahaushe ba kowane ido ke shiga kowane ɗaki ba. Akwai zaure, akwai falo, akwai uwar ɗaka, kuma kowanne da waɗanda ke isa gare shi. Albam ya dace da wannan tsari, domin uwar gida ce ke zaɓar wanda za ta ɗauko wa baƙo, wani kuma ba ya fita daga akwati sai ga 'yan'uwa mata.

Firam ɗin dijital bai san wannan ba. Abin da ya nuna wa 'yar gida shi zai nuna wa mai gyaran fanka da abokin mai gida da suruki. Hoton ranar lalle ko na kamu, inda mata ke tsakaninsu babu mayafi, na iya faɗowa a daidai lokacin da falo ke cike da maza 'yan gaisuwa. Kuma wanda ke riƙe da waya na iya ɗaukar hoton allon cikin daƙiƙa guda.

Idan aka bai wa dangi da yawa damar turo hoto, matsalar na ƙaruwa. Ƙanin da ke wani gari bai san wa ke zaune a falon ba a lokacin da ya latsa turawa. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, yawan fitowar 'ya'yan ɗaki guda fiye da na ɗayan na iya zama abin magana. Hoton matar da aka rabu da ita, ko na mamacin da ba a daɗe da yin rashinsa ba, na iya fama wa wani ciwo. Wata za ta so ganin fuskar marigayi mijinta kullum, wata kuwa ba za ta iya ba, kuma ita ya kamata a fara tambaya.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin kula da bayanan mutane, ta kuma buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa na yara. Amma abin da ke bayyana a kan teburin falo, mutanen gida ne kaɗai za su iya tsara shi. Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ɗaya ya zama mai tantancewa, a taƙaita masu turawa, a ware hotunan da kowa zai iya gani da waɗanda ba sa barin ɗaki, a kuma nemi yardar wanda ke cikin hoto kafin a saka shi. Yawancin na'urorin na ba da damar ɓoye hoto ba tare da an goge shi ba.

Me malamai suka ce?

A gidajen Musulmi da yawa tambayar farko ita ce halaccin ajiye hoto a fili. Hadisai a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi kan yin surar abu mai rai, sun kuma ambaci cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura. Malamai sun yi saɓani kan ko hoton kyamara ya shiga wannan hukunci.

A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a Afirka ta Yamma, haramcin ya fi tabbata a kan sura mai jiki da inuwa, kamar gunki, yayin da ta kan takarda ko bango ke matsayin makaruhi idan an ɗaukaka ta. Sheikh Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya yi muftin Masar a farkon ƙarni na 20, ya rubuta risala yana halatta hoton kyamara, bisa hujjar cewa kama inuwar abu ne. Sheikh Yusuf al-Ƙaradawi ya bi wannan ra'ayi. Sheikh Abdul'aziz bin Baz na Saudiyya kuwa ya hana shi sai da larura, kamar hoton fasfo. Sheikh Ibn Usaimin ya sassauta kan ɗaukar hoton, amma ya hana rataye shi a bango.

Hoton allo ya buɗe wani sabon babi, domin haske ne da ke ɓacewa idan an kashe na'ura. Wasu malaman zamani, ciki har da Mufti Taƙi Usmani na Pakistan, sun bambanta shi da wanda aka buga a takarda. Wasu ba su yarda da bambancin ba, musamman idan an girke allon yana nuna fuskoki dare da rana.

Wanda abin ya shige wa duhu, malamin da ya amince da shi zai tambaya. A aikace, ana iya kashe firam ɗin a lokacin salla, a kuma guji ajiye shi ta gabas inda zai ɗauke hankalin mai ibada. Akwai kuma damar cika shi da hotunan wurare kawai, kamar Ka'aba da Masallacin Annabi, ko gonar gado da tsohon gidan iyali.

Allo ba ma'ajiya ba ne

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a zuba hotuna a firam sannan a goge su daga waya domin samun fili. Katin memori na lalacewa ba tare da gargaɗi ba, wasu na'urorin kuma kan rage girman hoto domin ya yi daidai da allonsu. Allo mai fiksel 1280 a 800, wanda ya yawaita a masu inci 10, bai wuce fiksel miliyan ɗaya da 'yan kai ba, alhali kyamarar waya na ɗaukar miliyan 12 ko fiye. Wanda kwafin cikin firam kaɗai ya rage masa na iya rasa ingancin da zai buƙata ranar da ya so wanke babban hoto.

Haka WhatsApp ke matse hoto idan aka tura shi yadda aka saba. A 2023 manhajar ta ƙara zaɓin HD, amma tura hoto a matsayin fayil ne ke kai shi yadda yake.

Masu sana'ar hoto na da ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na kowane hoto, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga iyali, wannan na iya zama waya, da filashi ko kwamfuta a gida, da kuma rumbun intanet ko wani filashin a gidan ɗan'uwa. Ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau ta nuna dalilin sharaɗi na ƙarshe: ruwan da ya shiga gida ba ya bambanta albam da waya da filashi.

Tsofaffin hotunan takarda ma na buƙatar ceto tun kafin danshi da gara su gama da su. Ana iya kai su shagon da ke da na'urar sikanin, ko a ɗauke su da waya a wuri mai haske ba tare da filasha ba. Manhajar PhotoScan da Google ya fitar a 2016 na rage ƙyallin da ke fitowa a kan hoto mai sheƙi. Bayan an kwafa, na takardar a mayar da shi ma'ajiyarsa, domin shi ba ya buƙatar wuta ko rajista.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne rubuta sunaye. Hoton da aka ɗauka a situdiyo a shekarun 1970 na da daraja ne muddin akwai wanda zai ce wane ne a tsaye, wace ce a zaune, kuma a wane gari. Manhajojin firam da dama na ba da damar rubuta gajeren bayani a ƙarƙashin hoto. Waɗanda suka san amsoshin su ne dattawan gida, kuma zama da su yini guda da albam da biro shi ne matakin farko, tun kafin a je kasuwa neman na'ura.